Kawu da Tsohon Ɗan Bindiga

Jiya ina ɗakin jira a wani asibiti a garin Largo, sai talabijin ya nuno fim ɗin kaboyi: wani tsoho mai furfura, hannunsa a kan bindiga. Na kasa zama, don Kawuna ne ya faɗo mini a rai.

Tsohon soja ne. Ya zo wurinmu nan ƙasar waje, a garin Manassas, neman magani, ya ƙarasa rayuwarsa tare da mu. Turancinsa kaɗan ne, amma irin finafinan nan ba sa wuce shi. Zai zauna da shayinsa mai ƙamshin kanumfari, hula a gwiwa. Da an zo arangamar ƙarshe kuwa, sai ya miƙe ya fita baranda, ya yi ta kai-komo cikin sanyi.

Wata Asabar muna kallon irin wannan fim na tsohon ɗan bindiga, ya fita, na bi shi. "Kawu, shigo mana, ai tsohon ne ya yi nasara."

Ya dube ni. "Wanda aka harbe ɗin, yana da 'ya'ya?"

"Ba su nuna ba, Kawu."

"Ba sa nunawa," in ji shi. "Ni na ga na wani lokacin yaƙi, suna tsaye a bakin ƙofa."

Bai sake ta da zancen ba har ya rasu. Yanzu 'ya'yana na tambayata labarin yaƙin kakansu, iya abin da na sani ke nan.

Allah Ya gafarta masa, Ya ba shi natsuwar da bai samu a duniya ba, Ya kuma jiɓinci zuriyar mutumin nan duk inda suke.