Amalanken Kwalin Jar Dara

Duk wanda ya ba da labarin nan a Zango, unguwarmu ta Hausawa, cewa yake yi raini ne ya sa na yanka kwalin. Wai 'yar makarantar Turawa ce, ta ga rubutun Larabci da idonta, ta sa almakashi don ta nuna ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. Ƙarya ne. Gaskiyar ta fi wannan ban kunya, shi ya sa na bar su da tasu maganar, amma yanzu na gaji da jinta.

Babana soja ne. Shi ne ya saka ni a makarantar gwamnati ta 'yan mata a nan Ankara ta bakin teku tun ina ƙarama, duk da surutun dangi. Da aka tura su Kumasi sai ya bar ni a hannun ƙanwarsa, Gwaggo, wadda mijinta ke fataucin goro zuwa Ikko ta jirgin ruwa. Na gama makaranta, na dawo gida da ƙidaya da rubutu da ɗinki, ba wanda ya san abin da za a yi da ni. Ni ma ban sani ba. In na yi shara na wanke tukwane kafin hantsi, sauran yinin sai ya tsaya mini a wuya. In zauna, in tashi, in leƙa ƙofa, in dawo. Gwaggo takan ce tabarma ma ta gaji da ni.

Yara ne suka cece ni. Gidan haya ne, ɗakuna tara, yara kamar kaji. Wata rana mijin Gwaggo ya zo da kwalin sabulu daga kantin Turawa na bakin teku, ya zazzage, ya yar. Na ɗauka na juya shi, na yanka, na liƙa da sitacin rogo, sai ga jirgin ruwa har da bututun hayaƙi. Kafin la'asar yara bakwai sun kewaye ni. Daga nan kullum in an taso daga makarantar allo sai su zo da abin da suka tsinta: kwalin ashana, tsinken tsintsiyar kwakwa, zare, murfin gwangwani. Muka yi kwale-kwale irin na masu sauke kaya daga jirgi, muka yi gangunan da ake mirginawa a hanya, muka yi fitilar bakin teku wadda ta ƙi tsayuwa sai da muka cika cikinta da yashi. Ba ni da haƙuri, ban taɓa cewa ina da shi ba. Wanda ya yanka a karkace, ƙwace almakashin nake yi. Duk da haka suna dawowa, ni kuma tun azahar kunnena yana ƙofa.

Kwalin da ya jawo magana na jar dara ne, hulunan da mijin Gwaggo ya saro. Kwali ne mai kauri, ban taɓa samun irinsa ba, a murfinsa akwai rubutu da ruwan zinariya. Yaran sun daɗe suna roƙona amalanke mai ƙafa huɗu da zai yi tafiya da gaske, sauran kwalaye kuwa lanƙwashewa suke yi. Na kifa ƙoƙo a kan murfin, na zana da'ira huɗu, na yanke. Na juya zinariyar waje saboda ta fi kyau. Na ga rubutun, ban musa ba. Na ɗauka ado ne da sunan kanti, kamar na sabulu.

Amalanken ya yi tafiya. Yaran suka ja shi da zare suka zaga tsakar gida, suka fita waje, suka bi ta gaban mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan na cikin ganye, suka tsallaka kwata da shi. A nan Gwaggo ta gamu da su tana dawowa daga kasuwa. Ba ta yi ihu ba. Ta sauke kwandonta, ta tsuguna, ta ɗauki amalanken da hannu biyu, ta goge laka da gefen mayafinta. Matan gida suka fito. Kafin in sa takalmi maganar ta kai ƙarshen layi, kowace uwa ta ja hannun ɗanta. A Zango ko guntun takarda aka gani a ƙasa da rubutun Larabci, ɗauka ake yi a soke a tsagar bango, balle a ja shi cikin kwata.

Bayan la'asar Gwaggo ta tasa ni gaba zuwa zauren Malam, wanda ke koyar da yaran. Mu uku ne kawai. Ya cire ƙafafun huɗu, ya jera su a kan buzu, yana juya su har rubutun ya haɗu. Ya ce sunan ɗan kasuwar da ya aiko da hulunan ne, irin sunan da ke farawa da bawa ya ƙare da sunan Ubangiji. Almakashina ya bi ta tsakiya. Bawan ya tafi ƙafar gaba, sunan Allah shi kaɗai ya zauna a ƙafar baya ta hagu, wadda ta fi shan laka.

Ya miƙo mini ita. "'Yata, karanta mini wannan."

Na duba. Na san surorin salla, da ka na haddace su a bakin Gwaggo. Amma an cire ni daga allo ina da shekara shida, ban wuce haruffan farko ba, su ma sun gudu. Shekara da shekaru ina riƙe da wannan a ciki. In an miƙo mini takardar Larabci sai in ce idona yana ciwo. Ni da nake karanta wa maƙwabta takardun kanti da na kotu, a ce ban iya karanta sunan Mahaliccina ba?

Na ce, "Allah gafarta Malam, ban iya ba."

Gwaggo ta juyo ta kalle ni kamar yau ta fara ganina. Ta ce, "Ke da kike gyara wa mutane magana a gidan nan?"

"Ni ɗin, Gwaggo."

Malam ya ce abin da aka yi cikin rashin sani daban yake da na ganganci, shi zai wanke ƙafar ya binne ta a wuri mai tsabta. Amma ya ce ba zai ce wa iyaye su mayar mini da yaransu ba. Hannun da ke riƙe da almakashi bai san abin da yake yankawa ba, gobe ma zai sake. Na ce to sai in riƙa amfani da kwalin sabulu kawai, ya ce kayan da ke sauka a bakin tekun nan rabinsu da rubutu iri biyu suke zuwa, ta yaya zan tantance?  Haushi ya kama ni, don gaskiya ya faɗa.

Shi da Gwaggo ba su gaya wa kowa abin da na faɗa a zauren ba. Sun rufa mini asiri, sai asirin ya zama mini ɗaki mai kulle. Kwana goma sha ɗaya ba yaron da ya zo. Ina jin su a bayan katanga suna faɗa a kan jirgin da bututunsa ya karye, ba mai gyara musu. Na tsefe kaina na sake kitsawa, na warware ɗinkin da ba abin da ya same shi. Matan gida in na wuce sai su yi ƙasa da murya.

Ran na goma sha biyu na gane zaɓi biyu ne gare ni: ko a ci gaba da ce mini mai raini in zauna ni kaɗai, ko a ce mini jahila in samu yarana. Na ce wa Gwaggo gobe da safe zan je zauren Malam, ba ta ƙofar mata ba, in zauna a layin ƙanana inda duk mai wucewa zai gan ni, in fara daga harafin farko. Ta ce za su yi mini dariya, har waɗanda nake ƙwace wa almakashi. Na ce su yi. Ranar da na karanta murfin kwali da bakina a gaban iyayensu, ranar zan sake kifa ƙoƙo in yanka ƙafa huɗu.