Kwalekwalen Baba a Tiga

Jiya kwamitin cocinmu ya sake ɓata yini kan ziyarar Isra'ila: mu sauka a garin da ke bakin Tekun Galili, ko a Urushalima? Raina ya ɓaci, sai Baba ya faɗo mini, dattijon da ya fara kawo maganar nan tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a.

Shi ba ya dogon surutu. Ya kwashe mu daga Kibiya zuwa madatsar Tiga, wai mu saba da ruwa. Har yau ina jin ƙarnin kifi da sanyin ruwan da ke tsattsafowa cikin kwalekwalen. Inna Saratu ta cakumi rigarsa tana kiran sunan Yesu.

"Saratu, sakar mini riga," in ji shi, yana dariya. "Wanda Tiga ta firgita, me zai yi a Galili?"

Bana a ce sai an girbe dawa, baɗi a ce sai an sake kwamiti, har muka binne Baba bai ga Galili ba.

Ubangiji ya hutar da shi a bakin ruwan da ya fi Galili. Mu kuma ya raba mu da gardama, kada mu bi shi da fasfo a aljihu.