Kujerun da Aka Ɗaure wa Malam Da'ira

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Da hantsin Talata, sha ɗaya ga Maris, Allah ya karɓi ran malaminmu na Turanci, wanda duk jami'a ta sani da Malam Da'ira, bayan gajeriyar jinya. Ni ɗalibarsa ce a da, yanzu kuma ƙaramar malama a sashen da ya ƙarar da ƙarfinsa yana yi wa aiki. Da baƙin ciki nake wannan rubutu, da fushi kuma, ba zan ɓoye ba.

Malam, kujeru ne suka jawo maka wannan suna. Kana shiga aji sai ka ce, "Ku juyo ku ga juna, ba a hira da ƙeyar mutum." Sai mu ja kujeru mu yi da'ira. Yau wannan likita ne, wancan majinyaci. Gobe wata ta ɓatar da jakarta a filin jirgi, ko ta yi bayani da Turanci ko ta tafi gida hannu biyu. Mu yi ta kwaɓa muna dariya, kai kuwa kana jingine da taga kana saurare.

Ranar da layi ya fara zuwa kaina, ina buɗe baki Turancin ya gudu. Shekara da shekaru ina cin jarrabawar nahawu, amma na kasa gaya wa likitan wasa cewa cikina ke ciwo. Wani ya yi caraf zai gyara mini, ka ɗaga masa hannu. Ka jira har na lallaɓo jimlar ta fito tana ɗingishi. Ba ka taɓa katse mai magana ba. Sai an kusa tashi kake rubuta kurakuran a allo, babu sunan kowa, mu gyara tare. Da bakin nan da ka buɗe nake ciyar da 'ya'yana yau.

Shugaban sashe bai taɓa ƙaunar abin ba. Yakan leƙo ya ce, "Wannan aji ne ko tashar mota?" A wurinsa koyarwa ita ce malami ya karanta, ɗalibi ya kwafa, a fita da digiri ba a iya tambayar hanya da harshen ba. Shi da 'yan amshin shatansa suka danne maka ƙarin girma. Da suka ga ba ka fasa ba, sai a wani hutu aka kawo ma'aikata suka huda siminti, suka ɗaure kowace kujera da noti, layi-layi, duk suna kallon allo. Wai don kare kayan jami'a. A duk ginin, ajinka kaɗai aka kare.

Ka dawo ka girgiza kujera ɗaya, ba ta motsa ba. Ka dube mu ka ce, "To, ai ba su ɗaure muku ƙafafu ba." Tun daga ranar a baranda kake koyarwa a tsaye, da ciwon gwiwarka, ɗalibai kewaye da kai. Na sha ganinka kana dafa bango kana sauka daga bene. Su ma sun gani.

Jiya shugaban sashe ya tara mu, ya goge ido da hankici, ya ce za a sa wa ajin sunanka, har an ba da aikin allon tagulla. Ranka ya daɗe, ajin da ka kore shi daga ciki? Ka riƙe hawayenka, ba mu da wurin ajiye su. Ɗaliban da Malam ya bari a tsakiyar zango an mayar da su layi, sun yi tsit kamar masu jiran allura. Ni aka miƙa wa su, aka kuma tuna mini a hankali cewa har yanzu ba a tabbatar da ni a aiki ba.

Da na je gaisuwa gidanka, Malam, matarka ta shiga ɗaki ta fito da sifana sabuwa fil. Ta ce, "Karɓi, 'yata. Tun bara ya saya, kullum sai ya ce bari a ba shi izini tukuna." Ka rasu kana jiran izinin. Ni ba ni da ladabinka. Ranar Litinin da safe zan durƙusa in kwance notin nan ɗaya bayan ɗaya, aikin kuma in za a karɓe, a karɓe.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya yafe maka kurakuranka yadda ka rufa wa namu asiri, ya yalwata makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yanka da jikokinka, da duk wanda ka jira har ya ƙarasa maganarsa. Allah ya ba su haƙurin rashi. Masu allon tagulla kuwa, Allah ya ja kwanansu, ya ƙara musu lafiyar kunne, su yi ta jin hayaniyar ajin nan daga ofishinsu.