Bakina Ne Ya Fito da Ɗalibina Kan Hanyar Kuyello

Edita, bayan sallama. A shekarun da zan ba da labarinsu ni matashi ne mai ji da kansa, na dawo gida Birnin Gwari bayan na daɗe ina koyon kiɗan fiyano a wani situdiyo a Kaduna. Na kama shago kusa da kasuwa, na zuba fiyano biyu da ɗan janareta mai tari, na rataya allo cewa ana koyar da kiɗa. Hannuna yana da kyau, wannan ba yabon kai ba ne, amma bakina ba shi da linzami. Maigidan da ya koya min da baƙar magana ya horar da ni, ni kuma na ɗauka ita ce koyarwa. Har doka na rubuta a bango, cewa duk wanda ya yi fashi sau biyu ya nemi wani malamin.

Cikin ɗalibaina akwai wani magidanci, manomi daga wani ƙauye a yankin Kuyello, mai mata da 'ya ɗaya. Ranar da ya fara zuwa na dubi hannuwansa duk kanta, na tambaye shi ko ya ɗauka fiyano ƙotar fartanya ce. Murmushi kawai ya yi. Wata uku ba su cika ba ya wuce kowa, don kunne gare shi, abin da ya ji sau ɗaya sai yatsunsa su nemo shi. Burinsa ya riƙa kiɗa a bukukuwan ƙauyukansu da rani, in aikin gona ya yi sauƙi. Ranar kasuwa kaɗai yake zuwa, domin ran nan ne motoci da babura ke fitowa a ayari ɗaya, 'yan sa-kai na yi musu rakiya. Kowa a garin nan ya san halin da hanyoyin dajinmu ke ciki, ni ma ba baƙo ba ne balle in ce ban sani ba.

Ya taɓa roƙona in ara masa wata ƙaramar fiyano mai batir da ke ajiye a bayan ƙofa, ya riƙa gwaji a gida. Na hana shi, na ce kayan sana'a ba a kai su ƙauye ɓera ya ci waya. Sai ya zana madannan fiyano a jikin wani katako da gawayi, a kansa yake motsa yatsu. Da ya gaya min haka dariya na yi, har na ba sauran ɗaliban labari.

Ana nan sai wata makaranta mai zaman kanta ta gayyace ni in kawo ɗalibaina su yi kiɗa a bikin yaye yara. Na ga dama ta samu da zan nuna wa gari ko ni wane ne, kuma a kan manomin nan na ɗora komai, shi zai buɗe shi zai rufe. Saura mako guda na ce kowa ya zo gwaji na musamman ranar da na zaɓa, wadda ba ranar kasuwa ba ce. Bayan an watse ya tsaya, ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya ce in yi masa afuwa, ran nan babu ayari, kuma kwanakin nan ana yawan ganin mutanen daji a hanyarsu. Ya ce ko dai in mayar da gwajin ranar kasuwa, ko in bar shi ya kwana a gari tun daga yau, sai dai bai sallami iyalinsa ba. Da na ce masa ya zauna ya aika gida, da shi ke nan. Amma akwai ɗalibai biyu a bakin ƙofa suna jinmu, ni kuma ba na son a ga ɗalibi ya juya ni. Sai na ɗaga murya na ce matsoraci ba ya zama gwani, in fiyano ta fi ƙarfinsa ya koma wa katakonsa. Na nuna masa dokar bango, na tuna masa ya riga ya yi fashi ɗaya lokacin shuka. Ya sunkuyar da kai ya ce in Allah ya yarda zai zo.

Ranar gwaji muka jira shi har azahar bai zo ba. Ina ta faɗa, ina cewa daman na san ɗan ƙauye ba ya riƙe alkawari. Da la'asar wani ƙanin mahaifinsa ya shigo shagon, ya tambaya ko ni ne malamin kiɗa. Ya ce an tsinci babur ɗin ɗansu a gefen hanya, shi kuma an shige da shi daji tun da hantsi. Bai zage ni ba, bai ma san abin da ya gudana tsakaninmu ba. Cewa ya yi in taya su da addu'a, tunda yaron yana ganin girmana ƙwarai. Na zauna a kan benci har ya yi sallama ya fita. Kuma don ku san irin mutumin da nake a lokacin, bikin nan ban fasa shi ba. Ni na hau na buga abin da ya kamata ya buga, aka tafa min, na karɓi tafin.

Ya kusa wata biyu a hannunsu. Danginsa suka rabu da abin da suka rabu da shi kafin a sako shi. Na yi ta cewa gobe zan je in duba shi, goben ba ta zo ba, kunya da tsoron hanyar suka riƙe ni, hanyar da na ce wa wani matsoraci a kanta. Shi ne ya zo. Wata ranar kasuwa ina cikin darasi na ji sallamarsa, na ɗaga kai na ga ya rame har sai da na sake dubawa. Ya miƙo hannu mu gaisa, sai na ga yatsu biyu na hannun damansa sun ƙage, ba sa lanƙwasuwa, saboda ɗaurin igiya da suka yi masa kwana da kwanaki. Ya durƙusa ya ce ya zo ne ya ba ni haƙuri, ya san ya kunyata ni a bikin makaranta, kuma ya karya dokar fashi, amma Allah ya sani ya fito da niyyar zuwa. Ya ce kiɗa kam ya ƙare masa, sai dai ba ya so mu rabu ina riƙe da shi a zuciya. Edita, a nan ne ya kamata in faɗi ƙasa in nemi gafararsa. Abin da ya fito daga bakina shi ne ba komai, Allah ya kiyaye gaba. Na yafe wa mutumin da na cuta, ya yi godiya ya tafi.

Ban ce ni na ɗaure shi ba, kuma na san abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Amma ƙaddara ba ta wanke mai ganganci. Tun daga lokacin na goge dokar bango. Wanda ke nesa ina ba shi aron kayan gwaji, ina tura masa darasi ta waya in an samu sabis, ranar zuwansa kuma shi ke zaɓa.

Ina kira ga 'yan'uwana masu koyarwa, ko kiɗa ne ko ɗinki ko karatu, ku san inda ɗalibinku yake fitowa kafin ku kafa masa doka. In ya ce muku hanya ba kyau, ku yarda da shi, ya fi ku sanin hanyarsa. Kada ku gyara shi a gaban mutane don a ce kuna da kwarjini, domin mai ganin girmanka zai iya jefa kansa a wuta don kada ka kira shi rago. In kuma kun yi kuskure, ku nemi gafara tun da zafinta, in ta huce nauyi take ƙarawa. Ni ga shi shekaru sun wuce ban iya buɗe baki ba. Duk kaka sai ya aiko min da sabuwar masara a motar kasuwa, a ce in ji ɗalibina a gaishe da malam. Iyalina ne ke gasawa su ci, ni har yau ban iya kai ta baki ba.