Kwanon Ruwan Baba

Ƙarfe bakwai na safe yake buɗe ɗakin gwaji na sashen kimiyya. Ya goge madubai, ya daidaita tebur, sannan ya ɗora kwanon ruwa a kusurwarsa. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Baba Kwano ake ce masa, ba kuma don girmamawa ba.

A ɗakin nan ake harba haske ta tsaga biyu ya zana layuka a allo, kamar kowace ƙwayar haske ta bi hanya biyu a lokaci ɗaya. Malamai sun daɗe suna gardama: wani ya ce sarari ne ba mu fahimta ba, wani ya ce lokaci ne. Baba dai yana gefe yana jin su.

Bara wata ɗalibar digiri na uku ta ga layukan suna dushewa kullum ƙarfe sha ɗaya. Shekararta biyar a kan aikin, saura wata biyu ta kare shi. Farfesanta ya cika allo da lissafi, ya ce wataƙila sararin ne da kansa yake rawa.

"Ranka ya daɗe, injin ruwa ne," in ji Baba.

"Haba Baba! Ana maganar ginshiƙin duniya, kana maganar inji?"

"To ginshiƙin duniyar sai sha ɗaya yake fitowa aiki?"

Sau uku yana faɗa, sau uku ana dariya. Sai ya ja ɗalibar gefe. "'Yata, in kika kai wannan gaban masu jarrabawa, wahalarki ta tashi a banza. Zo ki kalli kwano."

Sha ɗaya na yi, ruwan ya fara karkarwa. Baba ya zaga bayan ɗaki ya kashe injin da ke tura ruwa tanki. Ruwan ya kwanta, layukan suka dawo. Ashe girgizar injin ce ke kaɗa teburin. Ta sake awonta, ta ci jarrabawa. A shafin godiya na kundinta an lissafa farfesa, shugaban sashe, har da mai buga takarda. Baba yana cikin "da sauransu".

Kai ne, Baba, ba ka taɓa cewa ka san mene ne lokaci ba, amma ka san lokacin da inji ke tashi. Mai haƙuri da masu digiri, mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya.

Ranar Juma'a Baba ya ajiye aiki. Ranar Litinin wani ya kwashe kwanon, wai yana ɓata tsarin ɗaki. Masu binciken sarari da lokaci, ku yi koyi da Baba: kafin ku zargi duniya, ku leƙa bayan ɗaki. A kuma mayar da kwanon, don Allah.