Bishiyar da Baffa Fulai Ya Hana a Sare

Ranar tara ga watan uku na lissafin wata, da hantsi, Baffa Geng Fulai ya rasu a ƙauyenmu, yana da shekara saba'in da huɗu. Ni ɗan ƙaninsa ne. Ban yi nisa a karatu ba, amma ba zan yi shiru ba.

Baffa, kowa ya san ba a shuka bishiyar yang a tsakar gida, don ganyenta na tafi in iska ta taso, an ce fatalwa ce ke tafin. Kai ma ka sani. Amma shekarar da matarka Inna Qiao ta makance, ka shuka ta, don in ta je rijiya ta bi ƙarar ganyen ta dawo gida ba tare da an ja mata sanda ba.

Shekara ashirin kana biyan wannan. An daina aron turminka. Da akuyar maƙwabta ta mutu, bishiyarka aka zaga, amma ka hana a sare ta. Duk da haka kai ka gyara musu rufi da damina, kai ka ɗauki tsohuwarsu a baro zuwa asibiti. Ran nan maƙwabcin ya leƙo ta katanga ya ce, “Tsoho, baƙinka na kan bishiya suna tafa maka, ba za ka yi musu rawa ba?” Ka ce, “Shigo mana, ai kai suke jira.”

Ba ka yi kwana uku a ƙasa ba, ɗanka Dezhu, wanda rabonsa da gida shekara shida, ya kawo mai zarto. Ya ce, “Bishiyar nan ita ta cinye Baba.” Na ce, “Yaya, Inna fa?” Ya ce, “Ta zauna a ɗaki, ina za ta?” Na roƙe shi har na durƙusa. Kafin abincin rana an kayar da bishiyar.

Jiya na tsinci Inna a bakin gonar wake da guga a hannu, tana juya kai tana sauraro. Ta ce, “Ɗana, yau iska ba ta tashi ba ne?” Iska kuwa har tana ɗaga rigata. Na kama hannunta muka taho.

Ubangijin Sama ya ji ƙanka, Baffa, ƙasa ta yi maka sauƙi. Ina yi wa Inna Qiao ta'aziyya. Sauran dangi kuwa, nauyi ya sauka, ba su buƙatar tawa.