Man Gyaɗa a Bolan ɗin Baba Habu

Duk wanda ya taɓa tsayawa tashar Matankari nan Dogon Dutsi ya san Baba Habu, in bai san shi ba ya san motarshi. Tsohuwa ce tukuf, ta ci ƙuruciyarta a Turai kafin ta zo ƙarasa kwananta cikin yashin Arewa. Shi kuwa ɗan Kyeshe ne. Da amalanken jaki ya fara, ya yi karen mota har furfura ta fito mishi, sannan Allah ya ba shi mota tashi ta kanshi. Tun daga nan aikinshi guda: ya kwaso matan Matankari masu man gyaɗa zuwa kasuwa, ya maida su gida da la'asar.

Motar na da cuta biyu. Ta farko shofaj, abin nan da Turawa ke kunnawa don jin ɗumi. Maɓallin ya karye yana kunne, haka ya zauna. Ana tsakar bazara, ita tana hura wa mutane wuta a ƙafa.

"Habu, gasa mu za ka yi?" in ji Shatu, babbar masu mai, wadda kujerar gaba tata ce ko wa ya riga ta.

"Haƙuri, Hajiya. Ɗiyar ƙasar sanyi ce, ba ta san ta yi ƙaura ba."

Ta biyu bolan, wato sitiyari. Akwai wani ɗan tulu kusa da inji da ake zuba jan mai don bolan ya yi laushi, tiyon nashi ya tsage yana yoyo. Wata rana man ya ƙare musu cikin daji wajen Lugu, Shatu ta miƙo gorar man gyaɗa. Ya zuba, bolan ya saki. Shi ke nan fa! Baba Habu ya yanke hukunci cewa mai ai mai ne, bai sake neman jan ba.

A hankali bolan ya dinga tauri. Bai gaya wa kowa ba, sai ya cije ya murɗa. Har ranar da ya zo kwanar kasuwa, motar ta ƙi juyawa kan lokaci, ta kwashe rumfar wani mai lemu. Ba wanda ya ji ciwo, amma kafin ya isa gida labari ya kai wa babbar ɗiyarshi Mubaraka. Yana alwala ta zare makullin daga aljihun rigarshi.

"Baba, hannu ya gaji. Ka huta hakanan."

"Hannun wa? Ke, ni na ɗauke ki da hannun ga!"

"Shi na ce ya gaji."

Ya koma zaman tabarma ƙofar gida, yana kallon motar, tuwo ma sai ya tsakura ya ture. In ba kowa sai ya matsa damtsenshi ya ji. Cikin ranshi ya fara tsoron ko yarinyar ta yi gaskiya.

Da Mubaraka ta ga kallon motar na cin shi, ta kira ƙanenta Nazifi, ƙato mai sai da siminti, ta ce ya kai motar gidan kawunsu. Nazifi ya shiga da ƙarfinshi, ya tada, ya kama bolan. Ko motsi. Ya sa hannu biyu, ya dafe ƙafa, shofaj na dafa shi, gumi na zuba daga gemu.

"Yaya, wanga ba bolan ba ne, turmi ne anka kafe!"

Baba Habu ya miƙe, ya kakkaɓe riga. "Sauka, ɗan nan."

Ya zauna, ya cije, ya murɗa. Mota ta juya ta fita lungun lafiya lau. Mubaraka ta kalli ƙanenta, ta kalli tsohon. Ita da kanta ta raka su garejin Ado makaniki.

Ado ya buɗe ɗan tulun, ya shinshina, ya ja baya.

"Baba, wa ke toya ƙosai nan ciki?"

"Man Hajiya Shatu ne. Mai kyau ne, ba gauraye."

"Don miya, i! Ya daskare ya zama danƙo, ya kashe pompon da ke tura man. Kai da hannunka kake juya motar ga tun tuni."

Ado ya wanke komai, ya canza pompo da tiyo, ya zuba jan mai. Shofaj kuwa bai tsaya neman maɓalli ba, ya toshe tiyon da ke kai ruwan zafi cikin mota, magana ta ƙare.

Mubaraka ta juya makullin a hannunta. "Zan ba ka, amma ni zan zauna gaba in gani da idona."

"Shigo, jandarma."

Sun fito bakin gareji, ya fizgi bolan da ƙarfin da ya saba. Mota ta yi tsalle ta nufi yashi.

"Baba!"

Ya taka birki. Ya kalli bolan ɗin, sannan ya ɗora yatsa guda ya tura. Ya juya sumul.

"Ashe haka mutane ke tuƙi?" ya ce a hankali.

Mubaraka ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. "Mu tahi, kai mu gida. Da hannu biyu, don Allah."